Ƙwayoyin da Baba Ya Gani a Jakata

Na gode wa Allah da ya ba ni lafiyar zama wuri ɗaya har in rubuta wannan, domin akwai lokacin da zaman minti goma a kan kujera ya fi ƙarfina. Sunana Nura, a Wudil aka haife ni, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Babana, Malam Isa, gyaran injin ban-ruwa yake yi a wata rumfa a bakin titi, dab da inda ake hawa gada idan za a tafi Kano. Na rubuta ne saboda samari irina da suke yawo da abu a ƙirji sun rasa bakin faɗa a gida, da kuma iyayen da suke ganin ɗansu ya canza, su yanke hukunci tun ba su ji ta bakinsa ba.

Abin ya fara ne ina aji huɗu a jami'ar garinmu, cikin bazara. Ina zaune a ɗakin lakca ina rubutu, sai na ji gabana ya yanke ya faɗi, irin faɗuwar da mutum ke ji idan an aiko masa da labarin rasuwa. Alhali ba wanda ya ce min komai. Zuciyata ta shiga bugawa har ina jin ta a kunnena, tafin hannuna ya jiƙe, numfashi ya ƙi isa ƙirji. Na tabbata a wurin zan mutu. Na tsallake ƙafafun mutane na fice, na bar littafina a kan tebur. A gindin wata darbejiya na tsuguna har abin ya sake ni, ya bar ni da gajiya kamar wanda ya yini yana huɗa.

A satin farko na je kemis ɗin unguwarmu. Mai kemis ya taɓa goshina ya ce maleriya ce, ya yi min allura uku. A sati na biyu abin ya dawo sau biyu, sau ɗaya ma ina cikin sahun sallar la'asar, sai aka ce taifot ne, aka canza magani. Da abinci ya daina shiga, ƙirjina yana zafi, aka koma cewa olsa ce, aka hana ni yaji da tsami da shayi. Kullum akwai sabon suna da sabuwar leda, ni kuwa ina nan yadda nake.

A sati na huɗu Baba ya ce in je babban asibiti a yi gwaji na sosai. Na isa tun kafin a buɗe wurin yankan kati, duk da haka na tarar da layi ya kai bakin ƙofa. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka manna min wasu wayoyi a ƙirji don a duba zuciya. Kwana biyu ina zarya. Da na kai takardun gaban likita, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Samari, lafiyarka ƙalau. Ka rage tunani.” Ya kira na gaba. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum kusan ɗari ne a bayana. Amma na fito da tsoron da ya fi wanda na shiga da shi, domin idan duk gwaji ya ce ba ni da komai, to me ke damuna?

Daga nan na zama mai yawo. Idan na zauna sai in ji kamar wani abu na zuwa, dole in tashi. Barci ya zama guntu-guntu. Tafiya kaɗai ke ɗan rage min, don haka sai in fita da jaka kamar zan je lakca, in bi ta wurin 'yan kifi, in gangara bakin kogi inda masu yashi suke loda tifa, in bi gaɓa har ƙafata ta gaji, in hau titi in dawo. Wata rana sau uku nake wannan zagayen. Karatu ya tsaya, in karanta layi ɗaya sau biyar ban san me ya ce ba. A sallah kuma sai in rasa raka'a ta nawa nake. Wannan ya fi komai ɗaga min hankali, na fara zargin ko wani laifi na yi Allah ya yi fushi da ni.

A gidanmu ba a saba zama a yi irin wannan magana ba. Tsakanina da Baba gaisuwa ce, da aike, da tambayar yaya makaranta, in ce lafiya lau. Inna kuwa kunyar ɗan fari take yi min irin ta mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan za ta yi maganata sai ta ce “yayan Hafsa”, wato ƙanwata, idan kuma da ni take sai ta ce “kai”, tana kallon wani wuri. Na san tana sona, a cikin kwanon abincina nake gani. Amma ta ina zan fara?

Na gwada sau ɗaya. Da yamma ce, tana tsintar shinkafa a faranti, na tsuguna nesa da ita na ce, “Inna, ni fa ba na jin daɗi.”

“Ina ke maka ciwo?”

“Ba ko'ina.”

Hannunta bai daina tsinta ba. Can ta ce, “Ka riƙa azkar safe da yamma. Zan sa a karɓo maka rubutu.” Na ce to, na tashi. Rubutun na sha, azkar ma na yi. Amma maganar da na zo da ita, da ita na koma.

A sati na shida abin ya kama ni a bakin ƙofar makaranta, wasu ɗalibai suka kai ni ɗan asibitin cikin jami'a. Wata nas dattijuwa ce a kan aiki. Ta auna jinina, ta duba tarin takardun gwajin da nake yawo da su a jaka, sai ta jawo kujera ta zauna ta fuskance ni.

“Yaushe rabonka da barcin kirki?”

Na ce na manta.

“Yaushe rabonka da dariya?”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce wannan ba aikin maganin maleriya ba ne, yana da likitocinsa, kuma ta ga ɗalibai da yawa da irinsa sun warke. Ta rubuta min takarda. Da ta faɗi asibitin da za ni, jikina ya yi sanyi. Asibitin masu taɓin hankali ne da ke can bayan Kano, wanda tun muna yara da sunansa muke tsokanar juna.

Kwana tara takardar tana jakata. Ranar da na tafi, ƙarya na yi wa Baba na ce zan nemo littattafan binciken kammala karatu. Likitar da na gani mace ce, mai magana a hankali. Ta yi min tambayoyi kusan rabin awa, sannan ta ce abin da ke damuna ciwon fargaba ne haɗe da na damuwa, ba hauka ba ne, kuma yana jin magani idan aka jure. Ta rubuta ƙwayoyi kala biyu. Ta ce in dawo bayan wata guda, ranar Talata, in zo da mahaifi ko mahaifiya. Na ce to, alhali na san ba zan zo da kowa ba.

A nan na tafka wautar da ta kusa kai ni ga halaka. Don kada Hafsa ta ga kwalin ta karanta sunan maganin ta bincika a waya, sai na ɓare ƙwayoyin duka daga takardarsu, na zuba a wata 'yar farar leda, na ƙulle, na cusa a aljihun cikin jakata. Kwalin na jefar a tasha. Katin asibitin kuma na saka a tsakiyar wani littafi.

Likitar ta gargaɗe ni cewa kwanakin farko za su yi wuya, haka kuwa aka yi. Bakina ya riƙa bushewa, ina hamma ba dalili, ina jiri, idona ya yi ja. Sau biyu na makara jam'in asuba, abin da Baba bai taɓa gani a wurina ba. To kuma a shekarar ne ɗan maƙwabcinmu ya lalace da shan maganin tari na siraf da ƙwaya, har ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. Duk dattawan unguwa idonsu na kan 'ya'yansu. Ana cikin haka wani manomi da ya kawo gyaran inji ya gaya wa Baba yana yawan ganina a bakin kogi lokacin da ya kamata ina aji, kusa da inda 'yan shaye-shaye suke fakewa. Bai yi ƙarya ba, ta nan nake wucewa.

Sati uku da fara shan maganin, daidai lokacin da na fara jin kamar ƙirjina yana ɗan sassautawa, ranar wata Asabar da hantsi Hafsa ta ce Baba yana kirana a soro. Na tarar da shi zaune a kan tabarma, bai tafi rumfa ba. Ledar tana gabansa.

“Zauna,” ya ce. “Wannan fa?”

“Magani ne, Baba.”

“Maganin me?”

Na sunkuyar da kai.

“Wane likita ne ya rubuta? Ina kwalinsa? Ina takardar?”

Katin yana ɗakina, taku goma daga inda muke. Amma a cikin kaina abu biyu nake aunawa. Ɗan ƙwaya yana iya tuba, a ce ya shiryu, bayan shekara biyu a manta. Wanda aka ce ya taɓu kuwa, sunan ba ya barinsa, kuma yana bin ƙannensa mata ranar da aka zo neman aurensu. A lokacin gani na yi gara Baba ya ɗauke ni ɗan ƙwaya. Yau idan na tuna sai in rasa wane irin lissafi ne wannan, amma haka ciwon yake sa mutum ya yi tunani.

Baba bai doke ni ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna min, duk baƙin mai ya zauna a cikin zanen fatar. “Shekara ashirin da wani abu ina wanke hannun nan da fetur don kai ka riƙe biro,” ya ce. “Tashi ka ba ni wuri.” Ƙwayoyin a masai ya zuba su.

Washegari yayansa, Baffa Sale, ya zo daga ƙauyenmu Achika a kan mashin. Ina jin su daga ɗaki. Baffa ya ce kada a tsaya wasa, akwai wani malami can gaba da ƙauyenmu mai tsare kangararrun yara, ana sa musu mari a ƙafa wata uku, su fito sun nutsu. Ya ce ranar Juma'a zai shigo kasuwa, idan an tashi sai ya wuce da ni. Ban ji Baba ya musa ba.

Waɗannan kwanakin su ne mafi muni a duk jinyar. Yanke maganin kwatsam ya sa kaina yana wani irin fizga kamar na taɓa wayar lantarki, fargabar kuma ta dawo ninki biyu. An hana ni fita, sai in yi ta kai-kawo a ɗaki daga bango zuwa bango. Ina tuna ƙarfen da za a sa min a ƙafa, ni da tafiya ce kawai take riƙe da ni, sai numfashina ya ɗauke.

Ranar Laraba bayan azahar, gidan ba kowa sai ni da Inna, na ga an ɗaga labulen ɗakina. Tunda na balaga ba ta taɓa shigowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

“Nura.”

Na tsaya cak. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a muryarta ba sai ranar.

Ta shigo ta zauna a gefen katifa, ta juya fuskarta wajen bango. “Na ga idon yaron gidan can lokacin da yake sha,” ta ce. “Naka ba irinsa ba ne. Tsoro nake gani a naka. Me kake tsoro?”

Na zauna a ƙasa na fara magana. Ba a tsare ta fito ba. Na faro daga tsakiya, na koma farko, na faɗi bugun zuciya, da rashin barci, da yawon bakin kogi, da raka'o'in da nake mantawa, da nas ɗin makaranta. Da na zo kan sunan asibitin na ga kafaɗarta ta motsa, amma ba ta katse ni ba. Na ɗauko katin na miƙa mata. Ba ta karanta boko, amma ta riƙe shi da hannu biyu tana kallo.

“Duk wannan a gidan nan,” ta ce, “ina zuba maka tuwo kana mayar min da shi, ina cewa olsa ce.” Ta goge ido da bakin zaninta, ta miƙe. “Sa takalminka.”

Ta zura hijabi muka fita. Inna ba ta zuwa rumfar Baba, ko aike ne sai dai ta tura mu. Da ya hango mu sai ya miƙe da sifana a hannu. Manomin da ke zaune a kan benci ya ga alamar magana ce ta gida, ya ce zai je ya dawo.

“Malam,” Inna ta ce, “yaron nan yana da magana. Ka ji shi har ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga ya dace.” Ta koma ƙarshen benci ta zauna.

Na durƙusa a cikin tarkacen injuna na sake faɗin abin da na faɗa mata. Daidai inda na ambaci asibitin wata tirela ta wuce da ƙara, Baba ya ce, “Ina?” Dole na sake faɗa da ƙarfi, a bakin titi, mutane suna wucewa. Na miƙa masa katin. Ya duba gaba, ya duba baya.

“Kai mahaukaci ne?”

“Likita ta ce ba hauka ba ne, Baba.”

“To me ka rasa? Abinci ka rasa, ko kuɗin makaranta? Wani ya yi maka wani abu?”

“Ban rasa komai ba. Shi ne ma abin da ya fi ɗaure min kai.”

Ya riƙa buga katin a tafin hannunsa. “Masu shaye-shayen ma ai can ake kai su,” ya ce. Gaskiya ya faɗa. Can ya sa katin a aljihun gaban rigarsa. “Yaushe ta ce ka koma?”

“Talata mai zuwa.”

“Zan je in ji da kunnena.”

Ranar Juma'a Baffa Sale ya zo da yamma kamar yadda ya ce, har da igiya a bayan mashin. Da ya ji an fasa, ransa ya ɓaci. Ya ce yaran boko sun iya tsara zance, kuma kai ni wancan asibitin tona wa dangi asiri ne. Baba ya ce, “Yaya, a ba ni zuwa Talata.” A kan haka ya tsaya, Baffa ya gaji ya tafi.

Talata muna idar da sallar asuba muka nufi tasha. Bas zuwa Kano, sannan adaidaita har biyu kafin mu isa asibitin. Duk da sammakon, mun tarar da mutane cike. Aka nemi fayil ɗina aka rasa, fiye da awa biyu ana cewa mu jira, mai neman fayil ɗin ma ya tafi karin kumallo ya bar mu a tsaye. Bencin bai ishi rabin mutane ba. Ni dama ba na iya zama, sai zagaye nake a baranda, Baba yana bina da ido. An kawo wani saurayi a ɗaure yana ihu, na ga Baba ya kawar da kai. Amma kusa da shi akwai wani dattijo cikin shadda mai tsabta yana karanta jarida, da wata mata da ke duba littattafan 'yan makaranta da jan biro. Da aka kira dattijon ya shiga, Baba ya jawo ni ya raɗa min, “Shi ma wannan mara lafiya ne?” Na ce ga alama. Ya jinjina kai.

Sai bayan azahar muka shiga. Likitar ta gaida Baba da girmamawa, ta tambayi hanya da mutanen gida. Da ta ji an zubar da maganin, ba ta ɓoye ɓacin ranta ba, ta ce irinsa ba a yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari. Baba ya ce shi dai yana so a gwada a gani ko ina shan wani abu. Ta juyo ta tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda. Aka kai fitsarina, muka ƙara jiran awa guda. Sakamakon ya fito babu komai. Baba ya sa ta karanta masa sau biyu.

Sai ta ajiye biro ta ce, “Nura, tambayar da zan yi maka mai nauyi ce. Kana so Baba ya ɗan ba mu wuri?”

Na ce ya zauna.

“A watannin nan, ka taɓa jin da ma ba ka raye?”

“E.”

“Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?”

“Sau biyu na tsaya a kan gadar garinmu na daɗe ina kallon ruwa. Ban yi niyyar komai ba. Amma na tsorata da kaina.”

Daga rumfar Baba ana hango gadar nan. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, na ji yana salati ƙasa-ƙasa. Likitar ta bar shi ya nutsu, sannan ta faɗi maganar da har yau ban manta ba. “Malam, ciwo ne, kuma yana jin magani. Addu'a ku ci gaba da yi masa, maganin ma ku ci gaba da ba shi. Abin da ba na so shi ne a bar shi shi kaɗai da tunaninsa.”

Muka kamo hanyar gida. Sai da bas ta hau gada na ji Baba ya kama tsintsiyar hannuna ya riƙe gam, bai sake ba har muka sauka. Muna tafiya gida ya ce, kamar da kansa yake magana, “Da fa na bari Yaya ya tafi da kai.” Bai sake tayar da zancen ba.

Daga nan jinya ta koma hannunsu. Baba ne yake ajiye maganin a cikin akwatinsa, cikin kwalinsa, kullum idan mun dawo daga masallaci da safe ya ɓare ya ba ni, ya tsaya sai na haɗiye. Da farko abin ya riƙa ɓata min rai, kamar bai yarda da ni ba, daga baya na gane ita ce hanyar da ya samu ta yin wani abu da hannunsa. Sai da na sake shan wahalar kwanakin farko, jiri da hamma da bushewar baki. Sati biyu ban ga canji ba, har na ce a bari. Inna ta ce ba za a bari ba. Ta koma kiran “yayan Hafsa” kamar da, amma kullum da yamma sai ta sa in kawo tabarma kusa da inda take girki, ta riƙa ba ni labarin mutanen ƙauyensu, ko in ce komai ko kada in ce.

Jarrabawar shekarar ban rubuta ba. Likitar ta ba ni takarda aka ɗage min karatu, kuma kafin takardar ta wuce ofis-ofis na makaranta sai da na yi zuwa ya fi goma. Ranar da 'yan ajinmu suka gama suna zagaya gari da fararen riguna ana rubuce-rubuce a jikinsu, ina rumfar Baba ina wanke kabireta. Shi ya ce in riƙa binsa, tunda zaman gida ba ya yi min. Aikin ya taimaka, hannu yana motsi, ga mutane ana hira. Amma ranar nan na shiga bayan rumfa na yi kuka.

'Yan uwa kuwa kowa da tasa shawarar. Wata gwaggona ta ce iska ce na gamu da ita a bakin kogi, ta aiko da hayaƙi. Wani ya ce a yi min aure zan ware. Wani abokin Baba ya ce maganin asibitin nan idan aka fara ba a dainawa, kuma yana kashe ƙwaƙwalwa. Na kai wa likita wannan maganar cikin tsoro, ta yi min bayani har na gamsu. Baffa Sale ya yi wata biyu bai tako gidanmu ba, sannan wata Juma'a ya zo da zuma da galan ɗin rubutu. Ya ce shi har yanzu bai gane wannan ciwo ba, amma ga nasa. Na sha, na gode masa. Maganin kansa ba kullum ake samunsa a Wudil ba, wani watan sai an je Kano, kuma kusan duk zuwa sai a tarar ya ƙara tsada. A shekarar Baba bai sayi takin da ya saba saya wa gonarmu ta Achika ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sauƙin a hankali ya zo, har ban san ranar da zan ce ita ce ba. Cikin wata na biyu na fara barci mai ɗan tsawo. Cikin na uku na cinye tuwo na nemi ƙari, Hafsa ta ruga ta gaya wa Inna. Akwai satin da zan ji kamar na warke, sai kuma wata safiya in tashi gabana yana faɗuwa, in ce an koma gidan jiya. A asibitin aka haɗa ni da wani ma'aikaci da ya koya min yadda zan riƙa jan numfashi in jira abin ya wuce, maimakon in tashi in gudu. Da damina ta zagayo na koma aji, na zauna da waɗanda a da suke bayana, na gama. Bayan shekara ɗaya da rabi likitar ta fara rage min maganin kaɗan-kaɗan har aka tsayar.

Ga ɗan'uwana saurayi ko budurwa da ke cikin irin wannan hali, ba zan ce maka faɗa wa iyaye abu ne mai sauƙi ba. Wataƙila ba za su gane a zaman farko ba, nawa ma ba su gane ba. Amma ɓoyewar da na yi ta fi ciwon kansa jefa ni cikin haɗari. Idan ba za ka iya fuskantar uba ba, nemi wanda yake jin maganarsa ya raka ka. Kada ka raba magani da kwalinsa, kada kuma ka bari a yanke maka shi ba da sanin likita ba. Iyaye kuma, idan yaro ya ce ba ya jin daɗi, kuka tambaye shi ina ke ciwo ya ce ba ko'ina, kada maganar ta tsaya a nan.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan cikin gari. A watan jiya, bayan kusan shekara ba tare da magani ba, na yi kwana huɗu a jere ina tashi da faɗuwar gaba, ranar ta biyar na kasa ƙarasa darasi. Ana tashi daga makaranta na wuce rumfa kai tsaye. Baba yana durƙushe a kan wani inji, mai injin yana tsaye a kansa yana cewa tumatirinsa zai ƙone idan bai yi ban-ruwa a yau ba. Na gaishe su, na tsuguna kusa da Baba na ce, “Baba, abin nan kamar yana so ya dawo.”

Ya ɗago ya dube ni. Ya goge hannunsa da tsumma, ya juya wajen mai injin ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri ka ba ni minti goma, zan yi magana da ɗana.”